Shirin Safe Daga Sakkwato: Sayen Fili, Ƙaramin Sutudiyo, Rediyo Mai Hoto Ko Naɗi, Wanne Zai Kai Ka Gaban Alƙalan Gasa?

Duk wanda ya ɗaura niyyar kafa shirin safe na talabijin a Sakkwato, yana kuma fatan wata rana a ambaci sunan shirin a wajen rabon lambobin yabo, akwai shawarar da zai yanke tun kafin ya nemi mai gabatarwa ko ya raɗa wa shirin suna: ta wace hanya za a riƙa haɗa shi kowace safiya? Hanyoyi huɗu ne a gabansa. Ko ya sayi fili a gidan talabijin mai lasisi, ko ya gina ɗan ƙaramin sutudiyo nasa, ko ya kafa kyamarori a ɗakin rediyo ya haɗa hoton da kwamfuta, ko kuma ya naɗi shirin da rana a watsa shi washegari.

Shirin safe tsohuwar sana'a ce. Today na tashar NBC a Amurka ya fara tun 1952, Good Morning America na ABC ya biyo baya a 1975, kuma a 2007 gasar Emmy ta shirye-shiryen rana ta ware wa shirin safe rukuni nasa na kansa. A gida Najeriya muna da Kakaaki na AIT, da Sunrise Daily na Channels, da Good Morning Nigeria na NTA, da Gari Ya Waye na Arewa24. Gasannin aikin jarida irin NMMA da DAME, waɗanda suke gudana tun farkon shekarun 1990, suna da rukunan rediyo da talabijin. Ita kuwa gasar AMVCA da aka fara a 2013 hankalinta na kan fina-finai da wasanni masu dogon zango ne. Sharuɗɗan kowace gasa suna sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka sai an karanta sanarwar shekarar. Abu ɗaya ne ba ya sauyawa: alƙali ba ya tashi da asuba ya kalli shirinka, kwafin da ka aika masa shi yake gani. Hanyar da ta dace da kai ita ce wadda za ta fitar da shiri safiya biyar a mako ba fashi, ta kuma bar maka kwafi mai tsabta a hannu kullum.

Abubuwan da za a auna

Na farko shi ne kwafin. Galibi gasa tana neman abin da aka watsa cikin shekarar da ake magana a kanta, da shaidar ranar watsawa, kuma shirin Hausa yakan bukaci fassarar Turanci a ƙasan allo. Ke nan kana bukatar kwafi biyu: wanda ya fita ga jama'a da tambarin tasha da agogo, da wanda ba a ɗora masa komai ba, don fassarar ta sami wurin zama.

Na biyu kuɗi ne, kuma iri biyu ne: na shiga da na kowane wata. Masu farawa sukan zuba ido kan na farko, alhali na biyun ne yake kashe shiri a wata na huɗu.

Na uku juriya ce, kuma a nan Sakkwato take da nata hukunci. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, yawancin na'urorin bidiyo kuwa iyakar abin da masu ƙera su suka lamunce ke nan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga duk wata kafa. Rana tana fitowa wajen 6:15 a watan Yuni, a ƙarshen Janairu kuma sai bakwai ta ɗan gota, don haka shirin da ya fara ƙarfe shida ko bakwai ba zai ci moriyar hasken sola ba, da cajin jiya zai yi aiki.

Sai yawan hannu: mutum nawa ne dole su iso bayan sallar asuba kafin shiri ya tashi, kuma in ɗaya ya kwana da zazzaɓi wa zai riƙe wurinsa. Sai haɗari, wato abin da zai iya katse shiri ko ya jawo wa tasha tara. Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa da shi, mallaka: in lambar yabo ta zo, sunan wa za a rubuta a jikinta?

Sayen fili a gidan talabijin

A Sakkwato akwai gidan talabijin na Rima mallakar jiha, akwai NTA Sakkwato. Furodusa mai zaman kansa yana zuwa sashen kasuwanci ya karɓi takardar farashi, a yi ciniki, ko dai ya biya kuɗin fili kai-tsaye ko a raba kuɗin talla. Al'adar sana'ar ita ce a ƙulla kwata guda, makonni 13, wato fitowa 65 in ana yi Litinin zuwa Juma'a. Kuɗin shiga kaɗan ne, kayan ado na dandali da kujeru da kiɗan take. Nauyin yana kan na wata-wata, kuma ba ya jiran mai ɗaukar nauyi ya biya.

Abin da kake saye da wannan kuɗin ba ƙarami ba ne. Lasisin hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin a Najeriya, wadda aka kafa a 1992, na tasha ne. Janareto nata ne, injiniya nata ne. Kyamarorinta yawanci da wayar SDI suke aiki, wadda kanta yake kullewa in an murɗa, kuma tana kai hoto kusan mita 100 ba tare da ya lalace ba. Sannan shirin zai shiga gidajen da eriya kawai suke da ita, babu ruwansu da data. Ga alƙalan gasa kuma babu gardama cewa wannan shirin talabijin ne, takardar shaidar watsawa daga tasha ta wadatar.

Matsalolin wannan hanya kusan duk a takardar yarjejeniya ake maganinsu, don haka kada a sa hannu sai an ga abubuwa huɗu a rubuce. Wa ya mallaki shirin da sunansa, kuma wa ke da ikon shigar da shi gasa. Za a ba ka kwafin kowace rana a faifanka kafin ka bar harabar tasha. Yaya za a rama maka ranar da aka ɗauke filinka saboda wani taron gwamnati ko sanarwar gaggawa. Tashar da take cikin tsarin ƙasa ma tana da sa'o'in da take haɗewa da Abuja, kuma safiya na cikinsu. Sai girman hoton da ake naɗewa: tsohon tsari na 720 sau 576 ne ko 1920 sau 1080? Na biyun ya ninka na farko sau biyar cif a yawan ɗigon hoto, kuma bambancin yana bayyana sosai a babban allon ɗakin alƙalai. In tasha tana watsawa da tsohon tsari amma kyamarorinta na zamani ne, nemi a naɗa maka kafin hoton ya kai na'urar watsawa.

Akwai kuma batun ma'aikata. Aikin karɓa-karɓa suke yi, mai kyamarar Litinin ba lalle shi ne na Laraba ba. Maganinsa ka zo da daraktanka da mai kula da sauti naka, ka manna takardar da ta nuna matsayin kowace kyamara da kowace fitila a bangon ɗakin sarrafawa.

Ƙaramin sutudiyo naka

Wannan ita ce hanyar da ta fi jan hankalin matasa yanzu, kuma ita ta fi bukatar lissafi. Zuciyarta ita ce na'urar sauya hoto. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yaɗu ita ce ATEM Mini ta kamfanin Blackmagic, mai karɓar kyamara huɗu ta wayar HDMI. Ta fito a 2019 kan dala 295. Samfurin Pro da ya biyo a 2020 kan dala 595 yana aika shiri intanet da kansa, yana naɗewa a faifan waje, yana kuma nuna duk kyamarori a allo ɗaya. Samfurin ISO yana naɗe kowace kyamara daban ban da shirin da ya fita. Ga mai tunanin gasa wannan na ƙarshe ya cancanci ƙarin kuɗinsa, domin da shi ake samun kwafin da babu tambari a kansa.

Kyamara uku sun isa: ɗaya ta ɗauki dandali gaba ɗaya, ɗaya mai gabatarwa, ɗaya baƙo. Ƙofa ta huɗu a bar wa kwamfutar da za ta riƙa sako rahotanni da sunaye. Kyamarar bidiyo ta asali ta fi kyamarar hoto mai canja ido dacewa da nan, domin da yawa daga cikin na biyun suna kashe kansu in sun yi zafi, kuma ba sa duba ko ana tsakiyar hira. A saita duka ukun iri ɗaya da hannu: hoto 25 ko 50 a daƙiƙa, saurin rufe ido 1/50, launin haske 5600K daidai da fitilu. Dalili shi ne wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Kyamarar da aka bari a tsarin Amurka na 30 ko 60 za ta riƙa nuna zane-zane suna gangarowa a hoto. A toshe tagogi gaba ɗaya, domin hasken 6:30 da na 8:00 ba launinsu ɗaya ba.

Raunin HDMI a wayarsa yake. Kanta ba ya kullewa, ƙafa ɗaya ta taɓa ta sai allo ya yi baƙi, kuma in ta wuce mita 10 zuwa 15 hoto yana fara yankewa. A ɗaure kowace waya a ƙafar kyamara, a manne ta a ƙasa da salatif mai faɗi, a ajiye biyu na ko-ta-kwana. A nan araha ba ta ado.

Haske da sauti suna da nasu yanayi a garin nan. Baƙon da aka gayyato zai iya shigowa da farar babbar riga da rawani. Kyamarar da aka bari tana auna haske da kanta za ta ga farin ta tsuke ido, sai fuska ta dushe ta koma inuwa. A auna haske a kan fuska, a ɗaga babbar fitila ta sauko daga gefe, a sa baƙin kwali a ƙasanta ya tare hasken da ke zuba a ƙirji, a kuma sa fitila ɗaya daga baya don ta raba mutum da bango. Shadda mai sitaci kuwa abokiyar gabar ƙaramin makirufo ce: da baƙo ya gyara hannun riga a kafaɗa sai a ji kamar ana murza takarda. A maƙala makirufon a wajen riga, kusan taƙi ɗaya daga baki, a lanƙwasa wayar a manne ta ta ciki don kada ta ja. In amawalin rawani ya sauko, kada ya rufe shi. Baƙuwa mai hijabi kuma mace ce za ta maƙala mata, a kan ninkin da ke ƙasan haɓa, don haka lalle a sami mace cikin ma'aikatan safe. Ga wanda zai zauna wuri ɗaya makirufo mai waya ya fi marar waya, musamman ƙananan nan masu aiki a zango ɗaya da wayifai na ɗaki. Allurar mitar auna ƙarfin sauti ta riƙa wasa tsakanin -18 da -10. Mai kallo yana yafe hoto mai ɗan duhu, amma ba ya zama da sautin da ke tsatsa.

Yanzu wuta. Kyamara uku wajen wat 45, na'urar sauya hoto ƙasa da 40, fitilun LED huɗu masu wat 60 sun ba da 240, allo biyu 80, kwamfutar cinya 70, mikisar sauti da na'urar intanet 35. Jimilla wajen wat 500. Shirin awa biyu da gwajin awa ɗaya ya zama kilowat-awa 1.5, in an ƙara asarar inbata ya kusa 1.8. Batirin litiyam mai bolt 24 da amfiya 100 yana riƙe kusan 2.5, ya wadatar. Batir mai ruwa guda biyu masu bolt 12 da amfiya 200 suna riƙe 4.8 a takarda, amma rabi kawai ya kamata a ja, wato 2.4, kuma zafi yana cin ransu: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage kusan rabin tsawon rayuwarsu. Esi mai doki ɗaya da rabi shi kaɗai yana jan kusan wat 1,200, saboda haka ba a ɗora shi kan wannan batir. A ba shi wutar Nepa ko janareto, a kunna shi awa guda kafin shiri. Muhimmin abu shi ne duk kayan shiri su sha wuta daga inbata koyaushe, ko da akwai Nepa. In ba haka ba, ɗauke wuta na daƙiƙa biyu zai kashe kyamarori da na'urar sauya hoto, kafin su dawo an yi kusan minti guda allo baƙi. Janareto ya yi nesa da ɗaki, bayan katanga in da hali.

Intanet kuma: hoto mai layi 720 a kan megabit 3 a daƙiƙa yana cin gigabait 1.35 a awa, wato 2.7 a shirin awa biyu, kusan 60 a ranakun aiki 22. Saurin aikawa na layinka ya ninka abin da kake turawa, kuma a gwada shi da ƙarfe bakwai na safe a cikin ɗakin, ba a tsakar gida da dare ba. A tanadi layi biyu na kamfanoni daban-daban. Starlink, intanet na tauraron ɗan adam da ya shigo Najeriya a Janairun 2023 zaɓi ne, sai dai a ƙara nasa wat ɗin a lissafin batir.

Ƙaramin sutudiyo yana tashi da mutum biyar: mai gabatarwa, darakta mai sauya hoto, mai sauti, mai kyamara ɗaya da ke zagaya ukun, da furodusa mai karɓar baƙi. Komai naka ne. Amma shirin da Facebook ko YouTube kawai ya gani ba kowace gasa ce ke ɗaukarsa a matsayin talabijin ba. Wanda gasa ke gabansa ya ƙulla da wata tasha ta riƙa ɗaukar shirin, ko da maimaici ne.

Rediyo mai hoto

Sakkwato ƙasar rediyo ce, daga mai shayi a Mabera har manomin albasa a fadama. Tashar da take da shirin safe mai masu sauraro ta riga ta mallaki abu mafi wahala: ɗaki marar amsa-kuwwa, makirufo masu kyau, layin waya, da jama'a. Abin da ya rage kyamara biyu ko uku ne da kwamfuta. Manhajar haɗa hoto ta OBS kyauta ce. Ita kuwa vMix a Windows kawai take aiki, lasisinta daga dala 60 zuwa 1,200, kuma ana gwada ta kwana 60 kyauta. Kwamfutar tana bukatar katin hoto na kirki irin na Nvidia, kowace kyamara kuma da nata katin shigarwa. Wannan ce hanya mafi sauƙin kuɗi ga wanda yake da ɗakin.

Rauninta kwamfutar ce. Fankarta tana zuƙar ƙurar hunturu har ta toshe, zafi ya taru, hoto ya fara tsalle ana tsakiyar shiri. A buɗe ta a hure duk wata, duk mako biyu a lokacin hazo, a ɗaga ta daga ƙasa, a hana Windows sabunta kansa da safe, kuma kada a yi wani aiki da ita. Sauti yakan riga hoto isa, sai a ga baki yana motsi bayan an ji magana. Gyaransa: mutum ya tafa hannu gaban kyamara, a naɗa, a ƙirga hotuna nawa ne tsakanin ƙarar da haɗuwar tafi. Kowane hoto ɗaya milisakan 40 ne a tsarin 25, sai a jinkirta sauti da wannan adadin.

Layin waya shi ne armashin wannan hanya, shi ne kuma babban haɗarinta. Mai kira ya ji kowa ban da muryarsa, in ba haka ba sai kuwwa ta tashi. A sa mai tace kira ya ji abin da mutum zai faɗa kafin a sako shi, a kuma jinkirta abin da ke fita da daƙiƙa bakwai zuwa goma. A garin da maganar addini da sarauta da siyasa take da nauyi, kalma ɗaya daga mai kira tana iya jawo abin da tasha za ta daɗe tana gyarawa, kuma a dokar watsa labarai tashar ce ke amsa laifin.

Gaskiya a matsayin talabijin wannan hanya ita ce mafi rauni. Kawuna uku da abin ji a kunne, makirufo ya rufe rabin fuska, awa biyu ba motsi. Alƙalin rukunin talabijin zai ce rediyo ce aka ɗauka a hoto, kuma bai yi ƙarya ba. In rukunin rediyo za a shiga, babu laifi ko kaɗan.

Naɗi da rana, watsawa da safe

A nan kyamara ɗaya ko biyu da kwamfutar tace hoto sun isa farawa, ba a bukatar intanet mai ƙarfi ko kowa ya fito da asuba. Kuma a nan ne Sakkwato take fitowa da kyanta: cinikin dabbobi a Kara, buhunan albasa ana lodi, masu jima da dukawa a bakin aiki, noman rani a ƙasan madatsar Goronyo, hada-hadar kan iyaka a Illela. Rahoton minti biyar daga irin waɗannan wurare, da muryar mutanen wurin cikin Sakkwatancinsu, shi ne abin da babu wata tashar Legas ko Abuja da za ta kawo wa alƙalai. A ɗauki hoton waje daga bakwai zuwa goma na safe ko bayan la'asar. Rana tsaka tana ƙona hoto tana kuma dafa kyamara. A sa wa makirufo rigar gashi saboda iska.

Kuɗinta a lokaci yake. Awa ɗaya ta shiri mai rahotanni tana iya cinye wunin mai tacewa, don haka mutum ɗaya ba zai riƙe kwana biyar ba, sai biyu. Haɗarinta kuma tsufa ne. An naɗa da la'asar ana raha, cikin dare aka yi babban rashi ko wata masifa, gari ya waye shirinka yana dariya. Dole a sami wanda ke da ikon cire shiri da asuba, da wani shirin ajiya da babu ruwansa da rana. Mai gabatarwa ya guji faɗin farashin yau ko yanayin yau, kuma kada a taɓa rubuta "kai-tsaye" a kan abin da aka naɗa.

Wayar hannu ba ta shiga wannan jeri a matsayin hanya ba, domin awa biyu tana ɗauka tana aikawa tana caji ya fi ƙarfinta a zafin nan. Amma ga wakili a Gwadabawa ko Tambuwal da zai aiko rahoton minti biyu ta isa, in ya kwantar da ita, ya kafa ta, ya sa makirufo na waje.

| Ma'auni | Sayen fili | Ƙaramin sutudiyo | Rediyo mai hoto | Naɗi |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin shiga | kaɗan | mai yawa | kaɗan in akwai ɗaki | matsakaici |
| Kuɗin wata | mai yawa | matsakaici | kaɗan | albashin masu tacewa |
| Wuta, zafi, ƙura | nauyin tasha | nauyinka | kwamfuta ce rauni | da sauƙi |
| Mutanenka na asuba | 3 zuwa 4 | 5 | ƙarin 1 ko 2 | babu, sai mai ikon cire shiri |
| Kwafin gasa | sai an rubuta a yarjejeniya | mai kyau | mai rauni a hoto | mafi kyau |
| Babban haɗari | ɗauke fili, rikicin mallaka | katsewar wuta ko intanet | mai kira, tsayawar kwamfuta | shiri ya tsufa |

Ajiya, kowace hanya ka bi

Tun Fabrairun 2025 Facebook yana goge bidiyon kai-tsaye bayan kwana 30, don haka shafi ba rumbu ba ne. Naɗi a megabit 10 yana cin gigabait 4.5 a awa, 9 a shiri, kusan terabait 2.3 a fitowa 260 na shekara. Faifai biyu masu terabait 4, ɗaya a ofis ɗaya a wani gida, sun riƙe shekara. A sa wa kowane fayil kwanan wata, furodusa kuma ya riƙe littafin da yake rubuta layi ɗaya kullum: wa ya zo, me aka tattauna, a wane minti abu mai kyau ya faru. Ranar da sanarwar gasa ta fito da wa'adin makonni kaɗan, wannan littafin ne zai hana a kwana ana laluben shirye-shirye 260. Kiɗan take ya zama naku, a biya makaɗi a rubuta yarjejeniya, domin kiɗan wani yana sa a toshe sautin bidiyo a intanet. Fassarar kuma a ba wanda kunnensa ya saba da "wanga" da "hwaɗi", layi biyu a allo, kada su wuce.

Wa ya dace da wacce

Wanda yake da mai ɗaukar nauyi da ya sa hannu kan kwata guda aƙalla, kuma masu kallonsa na gida ne masu eriya, ya sayi fili, ya kashe ƙarfinsa kan yarjejeniya da baƙi. In kuɗin da ke hannu na wata ɗaya ne, kada ya fara.

Ƙungiyar matasa masu jari na lokaci ɗaya da wanda ya iya waya da wuta a cikinsu, ƙaramin sutudiyo ne nasu. Su sayi batir da inbata kafin kyamara ta uku, su yi gwajin makonni biyu a ainihin lokacin shiri ba tare da watsawa ba, su fara da awa ɗaya.

Gidan rediyon da yake son 'yan Sakkwato mazauna Legas da Yamai da Saudiyya su ga fuskar masu gabatarwa, rediyo mai hoto ta ishe shi, ya kuma nufi rukunan rediyo.

Mai mutum biyu ko uku da ido mai kyau ya fara da naɗi, sau biyu ko uku a mako. Wanda kuwa lambar yabo ta talabijin ce ainihin abin da yake hari, ni dai shawarata ya gwama biyu: dandali kai-tsaye, a tasha ko a nasa ɗakin, da rahotanni biyu naɗaɗɗu na minti huɗu zuwa biyar a kowace awa. Rahotannin suna ba darakta damar gyara fitila da sauya baƙo, suna cike gurbi in baƙo ya makara, kuma su ne za a fara ɗebowa ranar haɗa kwafin gasa. A tanadi guda goma a faifai kafin safiyar farko.